Bindigar Kawu da Soson Ƙarfen Mama

Shekarun baya, kamar uku ke nan, na taɓa ɗaukar soson ƙarfen da mahaifiyata ke kankare tukwane da shi na dirje bindigar kawuna. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya yi min asiri. Abin takaicin ma, a lokacin da nake yi ji nake duk faɗin garinmu Greensboro na Amurka ba a haifi yaro mai basira kamata ba. Shekaruna goma sha uku a lokacin, sai ku yi min uzuri.

Kafin wani ya dafe ƙirji, bindigar iska ce, 'yar ƙarama ta riƙewa da hannu ɗaya. Karya hancinta ake yi a saka 'yar dalma guda ɗaya da ba ta fi ƙwayar dawa ba, a mayar, a harbi takarda. Aikinta ke nan a duniya, huda takarda. Amma a wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, ta fi motarsa daraja. Wani tsohon Bature da suka yi aiki tare a masana'antar kujeru ne ya koya masa harbin takarda, da zai yi ritaya ya ba shi ita, daga baya kuma ya rasu. Na taɓa ganin Kawu ya manta wayarsa a kan rufin mota ya yi tafiya da ita tun daga unguwar Sedgefield har gidanmu, amma bindigar nan ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya nemi sanin daga ina ya fito.

Baƙa ce wuluk, in ban da wani ɗan wuri a gefen hagu, sama da mariƙi, da ya koɗe ya zama ruwan toka. Kawu ya taɓa nuna min shi ya ce, "Ka ga nan? Babban yatsan tsohon nan ne. Shekara da shekaru yana ɗora shi a nan har ya cinye baƙin."

A hutun bazarar shekarar Kawu ya shirya tafiya Kumasi ganin kakarmu, zai yi mako shida. Ya ce ba zai bar bindigar a rufaffen ɗaki cikin damshin garin nan ba, sai ya kawo ta gidanmu a unguwar Glenwood cikin akwatinta mai kwaɗo. Mama na ganin akwatin ta ɗaure fuska.

"Ba a gidana ba," in ji ta. "Ƙasar da ɗan sanda ba ya tsayawa tambaya ko ta iska ce ko ta ruwa? Ina da ɗa namiji baƙar fata, kuma ka san irin kansa."

"Yaya, ba harsashi ko ɗaya, duk na kulle su a wurina. Ga makulli, ke za ki riƙe. Duk Asabar ki buɗe masa a gareji, ƙofa a rufe, ya shafa mata mai da tsumman nan, ya mayar. Ko ƙofar gida ba za ta leƙa ba."

Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma, shekara guda kana bina da naci in kai ka filin harbi. In na dawo na tarar da ita yadda na bar ta, duk Asabar da kai zan tafi. In na ga ko tabo, ka manta. Amana ce."

Na yi rantsuwa, na ƙara da wata. Ƙanwata, wadda ke da shekara tara kuma ba a taɓa wani al'amari a gidanmu ba ta sa baki ba, ta ce da Turanci ta ba ni mako biyu. Ta yi daidai har da ranar.

To, sai kun san gidanmu kafin ku gane abin da ya shiga kaina. Mama ce ke dafa wake da shinkafa irin na Gana in ana suna ko biki a cikin jama'armu. Tana da manyan tukwanen alminiyam da ta yo odarsu daga gida, wata ma ana iya yi min wanka a ciki. A bayan gida take girki a kan murhun gas, gindinsu ya yi baƙi ƙirin. Dokarta kuwa ɗaya ce: sai ka yi murmushi ka ga haƙoranka a gindin tukunya sannan za ta yarda an wanke. Tun ina ƙarami abin da na taso da shi ke nan. Baƙi a jikin ƙarfe dauɗa ne, dauɗa kuma abin kunya ne, maganinta soson ƙarfe.

Asabar ta farko na yi aikina lafiya lau. Asabar ta biyu, Mama ta buɗe min akwatin ta koma kicin tana waya. Ina shafa mai sai na hango wani ɗan ɗigo ja-ja kusa da bakin hancin, bai kai kan allura ba. Na goga da tsumma, ya ƙi. Na sa farce, ya ƙi. Na ce lallai yau Kawu zai san wa ya bar wa amana. Na lallaɓa kicin na zaro soson ƙarfe daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Goga uku na yi, ɗigon ya tafi. Sai ga wani fari tas ya leƙo daga ƙarƙashinsa, yana ƙyalli.

Na tsaya ina kallo. Ashe! Ashe bindigar nan fara ce! Duk baƙin nan dauɗar shekaru ce! Wallahi har tausayin Kawu ya kama ni. Na ce haka rayuwar gwauro take, ba mai gaya masa gaskiya, yana ta shafa wa datti mai duk mako yana lallashinsa. Na gyara zama na shiga dirza da ƙarfina, ina ta tsara yadda zai rungume ni a filin jirgi. Kafin minti ashirin na fitar da fari mai tsawon yatsana a gefe guda. Don kammala alheri, na jiƙa tsumma da ruwa da sabulun wanke-wanke na ɗauraye wurin, kamar yadda aka koya min.

Sai na ɗauko waya don in ga ko akwai hanyar da ta fi sauri. Bidiyo na farko da na buɗe, wani dattijo mai gemu ne yana bayani a natse cewa baƙin da ke jikin irin wannan ƙarfe da gangan ake yin sa a masana'anta, shi ke hana tsatsa, kuma babu abin da ke lalata shi nan take kamar soson kicin. Har ya ɗaga irin sosona ya nuna, yana girgiza kai.

Ban san mutum na iya jin sanyi a garejin North Carolina a watan Yuli ba sai ranar.

Abin da yaron kirki zai yi shi ne ya je ya faɗa wa uwarsa. Ni kuwa na shiga ɗaki na ɗauko baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki na makaranta. Na shafe wurin, ya bushe ya koma shunayya kamar kumburin mari. Na goge, na ɗauko man takalmin Babana na Juma'a. Wannan ya ɗan rufa asiri, in dai mai kallon yana tsaye a wata unguwar. Na rufe akwatin na kai wa Mama makulli ina fito.

A wurin cin abinci ƙanwata ta zuba wa hannuna ido.

"Yaya, me ya sa farcenka ya yi baƙi?"

"Takalmi na goge."

"Takalmanka duk farare ne."

"Na Baba."

"Baba ya sa ka?"

"Ci abincinki."

Mako guda na yi ba na jin ɗanɗanon komai. Ranar Asabar Mama ta buɗe akwatin da kanta, ina tsaye a bayanta ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Ruwan da na ɗauraye da shi da damshin gari sun gama aikinsu. Wurin da na kankare ya yi ja jawur, tsatsa ta ɓullo ta cikin man takalmin kamar an ɗiga masa manja.

Mama ta kalli bindigar, ta kalle ni. Ta sa yatsa ta shafa, ta sansana.

"Man takalmi."

Na gyaɗa kai.

"Da me ka fara?"

"Soso."

"Wane soson?"

"Naki."

Na shirya wa tsawa, amma ba ta yi ba. Ta kama kunnena, ba da ƙarfi sosai ba, ta ja ni har kicin, ta sauko da tandarta ta ƙarfe, wadda take suyar masa a ciki. Tandar nan ta girme ni. Baƙa ce sumul, tana sheƙi.

"Tun da aka haife ka, ka taɓa ganin na kankare wannan?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin ta yi tsatsa?"

"A'a."

"To baƙin tukunya daban, baƙin tanda daban. Na tukunya hayaƙi ne, a cire shi. Na tanda rigarta ce. Ka tuɓe wa kayan mutane riga, ka yi musu wanka, ka rufe su a akwati. Ɗauko waya."

"Mama, don Allah, bari in gyara tukuna, ba sai ya—"

"Kayanka ne? Mai abu shi zai faɗi yadda za a yi da abinsa. Ɗauko waya, kuma da bakinka."

Mun same shi da la'asar ɗinsu yana zaune a tsakar gidan kakarmu, ana ta hayaniya a bayansa. Ya amsa da fara'a, "Ɗana! Yaya amanata?" Sai kawai na juya masa kyamarar. Ya ƙura wa bindigar ido har na ɗauka layin ne ya tsinke. Na ji kakarmu daga gefe tana tambaya wa ya mutu.

Da ya buɗe baki, muryarsa a ƙasa take. Ya sa na ba shi labari tun daga ɗigon farko. Da na zo wurin da na ji tausayinsa don ba shi da mata, Mama ta juya baya kafaɗunta na rawa, amma shi ko murmushi.

"Baƙin nan ba zai dawo yadda yake a gareji ba," in ji shi. "Ko an shafa wani abu, dabbare-dabbare zai yi, in riƙa ganinsa har in mutu. Tunda fari kake so, sai ka gama abin da ka fara. Duk ƙarfen waje, ya zama madubi. Ba za ka kwance ko ƙusa ɗaya ba. Rubutun jiki da lambarta, da saitin auna hari na gaba da na baya, da katakon mariƙi, ka rufe su da tef, kar ka taɓa. Saura mako uku in dawo. In na ga zane ɗaya a jikinta, maganar filin harbi ta mutu, kuma ba zan ƙara ba ka ajiyar ko cokali ba."

Maganar cokalin ta fi ta filin harbin yi min ciwo.

Washegari Mama ta kai ni shagon kayan gini muka sayo samfefa, takardar yashin nan ta gogewa, kala biyar, daga mai kaushi lamba ɗari huɗu har zuwa dubu biyu, wadda in ka shafa sai ka rantse takardar littafi ce. Muka haɗa da tef da man goge ƙarfe. Kawu ya turo min saƙon murya mai tsawon huɗuba: a ɗiga mai a kan samfefar, a naɗe ta a jikin ɗan katako a wuraren da ke shimfiɗe, a bi hanya ɗaya. In an canza lamba a canza hanya, a gitta ta farko, kuma kar a wuce gaba sai zanen lambar baya ya ɓace gaba ɗaya.

Da na zo liƙa tef, na rufe rubutu, na rufe saiti, na rufe katako. Sai hannuna ya zo kan wurin nan mai ruwan toka. Kawu bai ambace shi ba, ya ce duk ƙarfen waje. Na daɗe ina kallonsa. Daga ƙarshe na yanko tef daidai girman babban yatsa, na zagaye shi da almakashin Mama, na liƙa a kai. Ban gaya wa kowa ba.

Sai aiki. Jama'a, na sha wuya. Ƙofar gareji a rufe saboda dokar Mama, fanka ɗaya tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na yi gumin da zai cika tukunyar suna. Abokaina na wucewa a kan keke suna kirana, ina amsawa ta bayan ƙofa kamar ɗan kurkuku. A mako na biyu wayata ta daina gane yatsana, ta ɗauka ɓarawo ne, don samfefa ta cinye zanen. Ƙanwata kuwa kullum sai ta kawo kujera ta zauna da askirim tana ba ni shawara.

Abin mamaki shi ne Mama. Matar da ta ce ba a gidanta ba, ita ta zama sufeto. Ba ta taɓa riƙe samfefar ba, amma duk yamma sai ta shigo tana goge hannu a zani, ta ce in ɗaga ƙarfen saitin 'yar tagar garejin, in juya a hankali.

"Kana dannawa da yawa. Ba faɗa kuke ba. Sassauta hannu, ka ja dogo."

Wata rana na gaji na tsallake lamba ɗari takwas, na yi tsalle daga ɗari shida zuwa dubu da ɗari biyu. Na ce wa zai sani? Na yi kwana biyu ina murna, ƙarfe na ta ƙyalli. Mama ta shigo, ta karkatar da kai, ta nuna da haɓa.

"Waɗannan layukan fa?"

"Ina? Hasken taga ne."

"Hasken taga ne ya yi layi bakwai a jere? Shekara talatin ina kankare tukunya, kai za ka nuna min ƙyallin ƙarya? Sheƙi a kan zane kwalliya ce ba wanka. Koma baya."

Na koma baya, ina ƙunƙuni da harsuna biyu. Kwana biyun nan suka tafi a banza.

Ana saura kwana uku Kawu ya dawo na gama da dubu biyu. Mama ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanin atamfa da wanki ya mayar da shi laushi kamar auduga, ta yage min gefe. Ta ce da shi take yi wa tukwanenta shafar ƙarshe ranar biki. Na ɗiga man goge ƙarfe na shiga murzawa. Tsumman ya yi baƙi, na juya, ya sake yin baƙi, na juya. Can sai hazon da ke kan ƙarfen ya washe, na ga wani yaro mai ƙaton hanci yana leƙo ni daga ciki. Na yi masa murmushi. Na ƙirga haƙoransa ɗaya bayan ɗaya.

Na kwarara ihun da ya sa karen maƙwabta ya amsa. Mama ta zo da ludayi a hannu, ta leƙa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikin hancin bindigar. Sai da ta kai ƙofa ta ce, "Shafa mata mai yanzu-yanzu. Ba ta da riga, kai ne rigarta."

Kawu ya zo gidanmu ranar Lahadi da azahar. Sai da ya ci abinci, ya raba tsaraba, ya ba da labarin kowa a Kumasi har da akuyar maƙwabta, ni kuwa ina zaune a bakin kujera ina jira. Sannan ya wanke hannu ya ce, "Mu je."

Muka ɗunguma gareji mu huɗu. Ya buɗe akwatin. Ya ɗago ta da tsumma, ya kai saitin taga, ya juya a hankali, daidai yadda yayarsa ke yi. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya duba lungun da ke kusa da kunama inda na yi kwana biyu da samfefa naɗe a tsinken sakace. Ya karanta lambar, tana nan daram.

"Yaya, kin sa masa hannu?"

"Ni? Allah ya kiyaye in taɓa abin nan."

Sai ya juya gefen hagu. A tsakiyar duk wannan ƙyallin ga ɗan tabo ruwan toka, zagaye da siririn baƙi, girman babban yatsa. Ya tsaya. Ya ɗora nasa yatsan a kai, ya zauna daidai.

"Na ce maka duk ƙarfen waje."

"E, Kawu."

"Wa ya ce ka bar nan?"

"Ba kowa."

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce garejin nan ƙura ta yi masa yawa.

"Da tsohon nan na raye," in ji shi, "da sai ya fara zage ka tas. Sannan ya tambaye ka da lamba nawa ka gama."

"Dubu biyu," na ce, ƙirjina na neman fasa riga.

Har yau in na tuna, ba ƙyallin ne ke fara zuwa min ba, ɗan tef ɗin nan ne. A duk abin da na yi a bazarar nan, shi kaɗai ne na tsaya na kalli abu na tambayi kaina ko dauɗa ce ko kuwa wani ne ya bar ta a wurin. Sauran duk ƙarfin hannu ne da tsoron Mama. Amma kar ku ɗauka na zama salihi. Duk baƙon da ya zo gidan Kawu sai na san yadda na karkatar da hira har a buɗe akwatin, kuma a bakina mako ukun nan sun zama wata uku.

Asabar ta gaba ya kai ni filin harbi. Da ya ɗaga ta zai gwada, rana ta doki hancin ta dawo masa cikin ido, harbi biyar ya yi bai taɓa baƙin tsakiya ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Dole ya liƙa siririn baƙin tef a samanta daga saiti zuwa saiti, kuma har yanzu yana nan. Ni nake shafa mata mai duk mako. Mama kuwa, tun da ta gano abin da hannuna zai iya, ba ta ƙara wanke tukunyar biki ba. Guda tara ne, kuma duk nawa ne.